Darasi na 9: Ruwa, Iska da Halittun Cikin Ƙasa a Noman Shammam na Rumfar Leda

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa shuka ke yaushi alhali gindinta a jiƙe yake;
2. faɗin aikin da ƙananan halittun ƙasa ke yi wa shammam, da abin da ke faruwa idan iska ta yanke musu;
3. bayyana yadda ban ruwa na ɗigo ke raba ruwa da iska a gindin shuka;
4. lissafa ruwan da tiyonsa ke zubarwa, ya kuma auna iskar ƙasarsa da gwangwani;
5. gane ko rumfarsa na bukatar injin hura iska ko gyaran hannu ya wadatar.

1. Shukar da ke yaushi a cikin ruwa

Duk wanda ya daɗe yana noman rani ya taɓa ganin wannan: rana ta take, ganyen shammam ya yi laushi ya langaɓe, amma in ka tura yatsa a gindinsa sai ka ji ƙasa a jiƙe sharkaf. Abin da ke fara zuwa ran manomi shi ne ya ƙara ruwa. Sau da yawa kuwa ƙarin ruwan ne ke ƙarasa shukar.

Dalili shi ne saiwa ma numfashi take yi. Ganye yana amfani da hasken rana ya haɗa sukari ya aika mata, ita kuma ta shaƙi iskar oksijin ta ƙona sukarin. Da ƙarfin da ta samu take zuƙar abinci, take kuma fitar da sababbin siraran saiwoyi masu shan ruwa. Idan ruwa ya toshe duk hanyoyin da iska ke bi, sai ta galabaita, ta kasa shan ruwan da take kwance a cikinsa. Shinkafa tana jure wannan domin tana da 'yan hanyoyin iska a cikin jikinta da ke kai oksijin har ƙasa. Shammam da danginsa, kankana da kabewa da gurji, ba su da wannan gata. Kwanaki kaɗan cikin kwantaccen ruwa sun isa su yi musu illar da ba za su farfaɗo ba.

Rumfar leda tana ƙara wa matsalar nauyi. Ana kafa ta ne don a kare shuka daga ƙwari da guguwa da dukan ruwan sama, a kuma samu amfani a lokacin da kasuwa ke nemansa. Ƙasar Sin, wadda ke noma kusan rabin shammam ɗin duniya, tana yin mai yawa daga ciki a irin waɗannan rumfuna. Haka ma yankin Almeriya a kudancin Sifaniya, inda leda ta rufe fili fiye da hekta 30,000. A wajenmu ma sun fara bayyana a gefen manyan garuruwa. Sai dai ƙasar da ke ƙarƙashin rumfa ba ta samun hutu. Wuri ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, ƙafa na bin hanya ɗaya kullum tana danne ta, ruwan sama ba ya sauka ya wanke gishirin taki, ga kuma zafi. Zafin nan ya fi shafarmu a kan manoman ƙasashen sanyi. Duk sanda ɗumin ƙasa ya ƙaru da digiri 10, numfashin saiwa da na halittun cikin ƙasa yakan kusan ninkawa, wato iskar da ke wurin za ta ƙare da wuri. Ku tuna yadda cikin rumfa yake a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi.

> AKWATIN KALMOMI
> Rumfar leda: ginin ƙarfe ko itace da aka lulluɓe da leda mai barin haske ya wuce, ana noma a cikinsa.
> Oksijin: ɓangaren iska da mutum da dabba da saiwar shuka ke shaƙa su rayu.
> Kafofin ƙasa: guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, inda ruwa da iska ke zama.

2. Rabin ƙasa kafofi ne

Ku ɗebi ƙasar lambu mai kyau cikin mudu. Kusan rabin mudun ne kawai yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye. Sauran rabin kafofi ne, manya da ƙanana. Ruwa da iska duk a cikin kafofin nan suke zama, kuma kafa ɗaya ba ta ɗaukar duka biyun: inda ruwa ya shiga, iska ta fita. Saboda haka mai buɗe famfo, ko ya sani ko bai sani ba, har iskar shukarsa yake aunawa. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin nan.

Manyan kafofi ba sa riƙe ruwa. Bayan ban ruwa sukan tsiyaye cikin kwana ɗaya ko biyu, iska ta dawo. Ƙananan su ne ke riƙe ruwan da shuka za ta sha a hankali. Jigawa mai yashi manyan kafofi ne da ita, shi ya sa take saurin bushewa amma ba ta rasa iska. Lakar fadama da baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani akasin haka suke. Abin da ake so shi ne ruwa ya ci kusan rabin kafofin, iska ta ci rabi. Masana ƙasa sun lura cewa idan gurbin iska ya gaza kashi 10 cikin 100 na girman ƙasar, yawancin amfanin gona yakan fara wahala.

Wani zai ce ai ruwa ma yana da oksijin, tunda kifi na rayuwa a ciki. Haka ne, amma ɗan kaɗan ne. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kuma abin da lita ɗaya ta iska ke ɗauke da shi ya ninka na lita ɗaya ta ruwa fiye da sau 30. Ruwan ɗumi ma ya fi na sanyi ƙarancinsa: kimanin miligiram 9 a lita idan ɗumin ruwan digiri 20 ne, miligiram 7 da rabi idan ya kai 30. Babbar matsalar kuwa ita ce oksijin ba ya sauri a cikin ruwa. Tafiyarsa a iska ta ninka wadda yake yi a ruwa kusan sau 10,000. Ɗan abin da ke cikin ruwan ya ƙare, na sama kuma bai iso ba.

Misali na 1: awon iska da gwangwani

Wata mata mai rumfa tana so ta san ko ƙasarta na numfashi. Ta samu gwangwani biyu masu cin lita 1, wato mililita 1,000, ta yanke gindinsu. Ta buga ɗaya a tsakiyar kunya, ɗaya a hanyar da ake takawa, ta haƙo kowanne da ƙasarsa ba tare da ta marmashe ba. Ta ɗaure ƙyalle a gindin kowanne, ta tsayar da su a cikin baho mai ruwa har zuwa kusa da baki, suka kwana har saman ƙasar ya yi sheƙi. Da safe ta ɗaga kowanne ta ɗora a kan kwano, ta rufe bakinsa da leda, ta bari ya tsiyaye yini da kwana.

Na kunya ya zubar da mililita 140. Na hanya ya zubar da 50. Gurbin da ruwan ya bari shi ne iska za ta shiga.

Kunya: 140 ÷ 1,000 = kashi 14 cikin 100.
Hanya: 50 ÷ 1,000 = kashi 5 cikin 100.

Wannan awo ba na ɗakin bincike ba ne, kuma yakan nuna ƙasa da ainihin adadin da ɗan kaɗan, amma ya isa a kwatanta wuri biyu. Ƙasa ɗaya ce, rumfa ɗaya. Tafin ƙafa ne ya kawo bambancin.

3. Masu aikin da ido ba ya gani

A cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai lafiya ana iya samun bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan 1. Banda su akwai fangas, dangin funfunar da ke fitowa a kan tsohon burodi, masu miƙa siraran zare a tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Akwai kuma aktinomaisit, bakteriya masu yin zare irin na fangas. Waɗannan kun san su da hanci ko da ba ku san sunansu ba, domin su ne ke fitar da ƙamshin nan da ƙasa ke yi ranar ruwan farko. Daga ɗaya daga cikinsu aka samo maganin sitireftomaisin a Amurka a 1943, wanda aka fara yaƙar tarin fuka da shi.

Ba a baje suke ko'ina daidai ba. Sun fi taruwa a jikin saiwa da 'yan milimitocin da ke kewaye da ita, domin saiwa tana tsatso da sukari da wasu abubuwan da suke ci. A nan ne aikin da ya shafi aljihun manomi ke gudana.

Ku ɗauki takin yuriya. Idan kun zuba shi, ba a siffar da ya zo cikin buhu shuka ke cin yawancinsa ba. Halittun ƙasa suna fitar da wani sinadari mai suna yuriyes da ke farfasa yuriya ya koma amoniyam. Daga nan wasu bakteriya na musamman su mai da amoniyam ɗin naitiret, wanda shi ne abincin da shammam ya fi saurin zuƙa. Masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware waɗannan bakteriya a 1890. Abin da nake so ku riƙe game da su ɗaya ne: ba sa aiki sai da oksijin. Haka ma masu ruɓar da kashin shanu da ganye su saki abincin da ke ciki. Da iska suke sauri, babu iska sai aikin ya yi ta jan ƙafa. Akwai kuma fangas da ake kira maikoriza, masu shiga jikin saiwa su miƙa zarensu nesa su jawo mata fosfaras, ita kuma ta ba su sukari, da wasu irin su Trichoderma masu takura wa fangas na cuta. Su ma duk masu shaƙar iska ne.

> AKWATIN KALMOMI
> Ƙananan halittun ƙasa: masu rai da ke cikin ƙasa waɗanda ba a gani sai da madubin ƙara girma, kamar bakteriya da fangas.
> Kewayen saiwa: siririn wurin da ke manne da saiwa, inda halittun suka fi yawa.
> Naitiret: siffar naitirojin da shuka ke saurin zuƙa.
> Yuriyes: sinadarin da ke farfasa takin yuriya. Masu bincike kan auna ƙarfinsa don su gane ko halittun ƙasa na aiki.

4. Idan iska ta yanke

Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta ba ta zama kufai. Masu son iska ne ke lafawa, wasu su karɓi fagen. Na farko su ne bakteriyar da, in sun rasa oksijin, sukan koma numfashi da naitiret. Suna mai da shi iska ya tashi sama. Wato takin da kuka saya da kuɗi, kuka ɗauko a kan babur, yana barin gonar ba tare da kun ga fitarsa ba, ganye kuma ya fara zama ruwan ɗorawa alhali kun san kun zuba taki. Manomi da yawa a nan sukan zargi mai shago da sayar musu da jabu.

Idan jiƙar ta daɗe, ƙarfen da ke ba ƙasa launin ja ko ruwan ƙasa yakan sauya, ku haƙa ku ga ta yi toka-toka da ɗigon tsatsa. In ta ƙara daɗewa sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya fara tashi. Ruwa ba ya tsami banza: duk ƙasar da ta yi wannan wari ta daɗe ba ta numfashi, kuma iskar mai warin guba ce ga saiwa.

Sai cuta. Pythium da Phytophthora, masu ruɓar da saiwa da kashe dashe tun yana ƙarami, suna da 'ya'ya masu iyo a ruwa. Kafofin da suka cika da ruwa su ne hanyarsu zuwa saiwa, kuma saiwar da ta rasa iska takan fitar da wasu sinadarai da ke jawo su gare ta. Ku tuge shuka ɗaya da kuke zargi ku wanke gindinta. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai ƙarfi, cike da siraran rassa. Wadda ruwa ya ci takan yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, in kun ja ta da yatsa biyu fatar ta saɓule ta bar zare a tsakiya.

Wani gargaɗi a nan. Akwai ciwon yaushin shammam da fangas ɗin Fusarium ke kawowa, wanda ke toshe jijiyoyin ruwa a cikin kara, kuma yana iya zama a ƙasa shekaru yana jira. Iska ba ta kashe shi. Ƙasa mai iska tana ƙara wa shuka ƙarfin jurewa ne kawai. Maganinsa yana wajen iri mai juriya, da sauya abin da ake shukawa, da aure, wato ɗora shammam a kan gindin kabewa kamar yadda manoman Japan da Koriya suka daɗe suna yi.

5. Ban ruwa na ɗigo

Ban ruwa na ɗigo na zamani ya samo asali ne daga aikin injiniya Simcha Blass a Isra'ila, kuma a 1965 aka kafa kamfanin Netafim don ƙera kayansa. A yankinmu cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki a kan nau'insa mai sauƙi na ƙananan lambuna, wanda ruwa ke gangarowa daga tankin da aka ɗaga ba tare da babban inji ba.

Ruwa na bin siririn tiyo, yana fita ta 'yan kafofi a gindin kowace shuka, ɗigo bayan ɗigo. Fifikonsa a kan cika fangali da ruwa ba a tsimin ruwa kaɗai ya tsaya ba. Cika fangali yana korar iska daga ƙasar gaba ɗaya a lokaci guda. Ɗigo kuwa wani sashe yake jiƙawa ya bar wani, don haka kullum akwai inda iska ke shiga.

Ku haƙa a ƙarƙashin kafar ɗigo bayan an kashe famfo ku ga siffar jiƙar. A laka takan yi faɗi kamar albasa, a yashi ta yi tsawo kamar karas. Cikin wannan jiƙa akwai wuri uku. Dab da kafar ƙasa ta cika da ruwa, iska ba ta da yawa. Gaba kaɗan akwai inda take da laima kawai, ruwa da iska duk sun samu wuri, kuma nan ne siraran saiwoyi da halittu masu amfani ke cunkushewa. Can bakin jiƙar kuwa ƙasa ta bushe, nan ruwa ke tura gishirin taki ya taru, har ku ga fari-fari a sama. Gishirin nan yana takura wa saiwa da halittun baki ɗaya.

Aikin mai ban ruwa shi ne ya faɗaɗa wurin tsakiya ya ƙuntata na farko. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar cewa tunda ɗigo ne ba ya yin yawa. Ɗigon da aka bari sa'o'i kullum a ƙasar laka yana shaƙe saiwa kamar yadda ambaliya za ta yi, kuma ya fi ta haɗari domin sama a bushe take, ba ku gani. Abin ya fi tsanani idan an binne tiyon a ƙasa, ko an shimfiɗa leda a kan kunya, domin saiwoyi sukan taru a kan tiyon, daidai inda iska ta fi ƙaranci.

> AKWATIN KALMOMI
> Ban ruwa na ɗigo: ba shuka ruwa kaɗan-kaɗan a gindinta ta siririn tiyo mai kafofi.
> Binnannen ɗigo: tsarin da ake binne tiyon a cikin ƙasa kusa da saiwa.
> Hura wa ƙasa iska: tura iska zuwa wajen saiwa ta cikin binnannen tiyo, ita kaɗai ko a gauraye da ruwa.

Misali na 2: minti nawa za a bar famfo?

Wani manomi yana da shammam 300 a rumfarsa, kowanne da kafar ɗigo ɗaya. Ya tara kofi a ƙarƙashin kafa ɗaya na minti 6, ya samu mililita 200. Minti 6 sau 10 shi ne awa ɗaya, don haka kafar tana zubar da 200 × 10 = mililita 2,000, wato lita 2 a awa.

Duka rumfar: 300 × 2 = lita 600 a awa.

A ce malamin gona ya duba girman shukar da yanayin zafi ya ƙiyasta kowace tana bukatar lita 1.5 a rana a wannan mako. Bukatar rumfa: 300 × 1.5 = lita 450. Lokacin da ake bukata: 450 ÷ 600 = kashi uku cikin huɗu na awa, wato minti 45.

Shi kuwa ya saba buɗe famfo ya tafi kasuwa, sai bayan awa 2 ya dawo. Yana zuba lita 1,200 ke nan, kowace shuka lita 4. Rarar lita 750 a kullum ita ce ke zaune a kafofin da iska ya kamata ta zauna, banda kuɗin man da ya ƙone wajen jawo ta.

A ƙasar yashi zai fi kyau ya raba minti 45 ɗin gida uku, domin ba ta riƙe ruwa. A laka kuwa ya bar tazara mai tsawo tsakanin ban ruwa da ban ruwa har manyan kafofi su tsiyaye. Alƙalin shi ne hannu: ya haƙa tsawon ɗani a gefen shuka, ya damƙi ƙasar. In ruwa ya fito tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ta dunƙule amma ta watse da an ɗan danna, daidai ne. Idan 'ya'ya suka kusa nuna kuma a rage ruwa, domin yawansa a lokacin yana rage zaƙi yana sa su tsage.

6. Hura iska ta cikin tiyo

Tunda tiyon da aka binne ya riga ya isa wajen saiwa, masu bincike suka ga ana iya aika iska ta cikinsa. Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a haɗa injin hura iska da tiyon, bayan an gama ban ruwa a tura iska zalla. Ta biyu ita ce a sa wa babban bututu wata 'yar na'ura mai matsattsen wuya da ake kira benturi. Ruwa in ya zo wuyan sai ya ƙara gudu, ya zuƙo iska ta wata kafa a gefe, ya tafi da ita a matsayin ƙananan kumfa. Wannan ba ta cin wuta ta daban, ƙarfin ruwan ne ke tafiyar da ita.

A Ostareliya, Surya Bhattarai da David Midmore na Jami'ar Central Queensland sun gwada ruwa mai kumfa a ƙasar laka mai nauyi, suka ga amfanin gona ya ƙaru. A Yangling da ke lardin Shaanxi na ƙasar Sin, masu bincike na jami'ar aikin gona da gandun daji ta yankin sun gwada abin a kan shammam da tumatir a cikin rumfuna, suna sauya zurfin tiyo da yawan lokutan hura iska. Abin da irin waɗannan gwaje-gwaje suka nuna ya dace da abin da muka koya a sama: inda iska ta isa, halittun kewayen saiwa sukan ƙaru, sinadaran da suke fitarwa su ƙara ƙarfi, siraran saiwoyi su yawaita.

Amma akwai sharuɗɗa. Dole tiyon ya kasance a binne, domin na sama iskar ficewa take yi nan take. In bai yi zurfi ba ma iska takan huda hanya ɗaya ta gudu sama ba tare da ta ratsa saiwa ba. In ya wuce inda saiwar take, ita ma asara ce. Yawancin saiwar shammam tana cikin santimita 30 zuwa 40 na sama. A dogon layi kumfa takan fice ta kafofin farko, na ƙarshen layi su samu ruwa kawai. Kuma iska mai yawa tana sa halittu su cinye ruɓaɓɓen takin ƙasa da sauri, don haka mai hura iska dole ya ƙara takin gargajiya.

Ra'ayina shi ne: wannan dabara ta mai ƙasar laka ce da ya riga ya binne tiyo, ya gyara lokacin ban ruwansa, amma har yanzu saiwa na nuna alamar shaƙewa. Mai jigawa ba ya bukatarta, ƙasarsa tana numfashi da kanta, iskar ma sai ta ƙara busar masa da ita. Ina jin takaici in na ga ƙaramin manomi ya ci bashi ya sayi inji don matsalar da rufe famfo a kan lokaci zai warware.

Misali na 3: shawara a bakin rumfa

Wani dattijo ya kira malamin gona ya nuna masa shammam ɗinsa da ke yaushi.

"Malam, an ce akwai injin da ke hura wa ƙasa iska. Shi nake so ka nemo mini."

"To Baba, bari mu fara haƙawa tukuna." Ya sa fartanya a gefen shuka ɗaya, ya damƙo ƙasa daga ƙasan ramin ya matse, ruwa ya biyo yatsunsa. Ya miƙa wa dattijon. "Baba, ku shinshina."

"Kai! Ai wari take yi."

"Tiyonku a sama yake, injin ba zai yi muku komai ba. Ku rage ruwan da rabi, ku dinga gwadawa da hannu kafin ku buɗe famfo. Waɗanda saiwarsu ta riga ta ruɓe a tuge su a fitar da su daga rumfar. In Allah ya kai mu shuka ta gaba sai mu ɗaga kunyoyin."

Ku lura da abin da malamin ya duba kafin ya ba da shawara: jiƙar ƙasa a zurfin saiwa, warinta, da inda tiyon yake.

7. Abin da hannu zai iya

A ɗaga kunya ta kai santimita 20 zuwa 30, domin rarar ruwa ta samu inda za ta gangara. A ware hanyar tafiya, kada kowa ya taka kunya, ko yaron da aka aika tsinko 'ya'ya. Kada a yi wa laka huɗa tana jiƙe, domin fartanya na shafe kafofinta. A gauraya ɓuntun shinkafa a ƙasa mai nauyi don ta saki jiki.

Takin gargajiya shi ne babba, domin abincin halittun ne, kuma zaren fangas da danƙon da bakteriya ke fitarwa su ne ke haɗa ƙwayoyin laka su zama 'yan dunƙule masu manyan kafofi a tsakaninsu. Sai dai ya zama ya ruɓe sarai kafin a zuba. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu in aka binne shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, halittun da ke rububinsa sukan cinye oksijin ɗin wurin su bar saiwa ba komai. Ruɓaɓɓen taki baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya zafi, ƙamshin ƙasa yake yi. In kun fara ganin tana a kunya, ƙasar ta kama hanya, domin ramukan da take haƙawa hanyoyin iska ne.

Tsakanin girbi da sabuwar shuka, a yi wa ƙasar ruwa mai yawa sau ɗaya don ya wanke gishirin da ɗigo ya tara, sannan a bar ta ta tsane sosai kafin dashe.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa shammam ke yaushi a ƙasar da ruwa ya kwanta, amma shinkafa ba ta yi?
2. Faɗi abubuwa uku da ke sa ƙasar rumfar leda ta fi ta fili saurin rasa iska.
3. Bayyana matakan da takin yuriya ke bi kafin ya zama naitiret. Wane mataki ne ba ya yiwuwa sai da oksijin?
4. Ina naitiret ke tafiya idan ƙasa ta daɗe a jiƙe?
5. Yaya za ka bambanta lafiyayyar saiwa da wadda ruwa ya ci?
6. Zana siffar jiƙar da ke ƙarƙashin kafar ɗigo a laka da a yashi, ka nuna wurare ukun da aka ambata.
7. Gwangwani mai cin lita 1 ya tsiyayar da mililita 80. Kashi nawa ne gurbin iska? Ya isa ko bai isa ba?
8. Kafar ɗigo ta zubar da mililita 150 cikin minti 6. Lita nawa take zubarwa a awa? Idan shuka 240 ce a rumfar, kowace tana bukatar lita 1 a rana, minti nawa za a bar famfo, kuma lita nawa za a kashe?
9. Maƙwabcinka mai ƙasar jigawa da tiyo a sama yana son sayen injin hura iska. Wace shawara za ka ba shi, kuma don me?
10. Aikin gida: ka haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wuri biyu a lambunka ko na wani, ɗaya a kunya ɗaya a hanya. Ka rubuta launin ƙasar, warinta, da yadda take a hannu, ka zo da sakamakon aji mai zuwa.